Mai Gwada Cokula

Tun kafin furfura ta fito masa ake kiransa Baba Cokali, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In ma ka kira shi da sunansa na yanka, sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga gashin baki da yake tajewa kullum da safe kamar wanda za a ɗauka hoto. Matarsa ce ke da kamfanin girki, irin masu kai abinci wurin taro da liyafa, shi kuma yana riƙe da sito: farantai, kofuna, tire, da uwa uba ƙananan cokulan nan da ake jera loma ɗai-ɗai a kansu.

Da wanke-wanke ya fara a wani otal, yana saurayi. A kicin ɗin otal ɗin ya ga wata yarinya tana yanka albasa, buhu guda, ko ƙwalla ba ta yi, sai ya ce a ransa wannan ba ƙaramar mace ba ce. Ita ta hau har ta zama kuku, shi ya hau har ya zama mai kai abinci tebur, daga nan kuma ya tsaya cak, bai damu ba. Bayan sun yi aure suka bar otal, suka fara girkin taro a tsakar gidansu da tukwanen aro. Da abin ya kankama suka kama haya a bayan wani shagon ɗinki, kicin mai faɗi, sito ƙarami, da ɗan ɗaki a gaba inda ake zaunar da masu kawo aiki. Kowa a wurin Mama yake ce mata, har shi. Sai in sun rage su biyu yake ce mata ranki ya daɗe, ita kuma ta harare shi, amma ba ta taɓa cewa ya daina ba.

Da yayin ƙananan loma ya shigo, Mama ta ƙi shi ƙiri-ƙiri. Wai mutane su tsaya a tsaye, kofi a hannu ɗaya, ana zagayawa da tire, kowa ya ɗauki cokali ɗaya mai ɗauke da ɗan kifi da ɗigon miya, ya kai baki, ya ajiye, ya ce ya ci abinci.

"Wannan ai rowa ce aka sa mata kwalliya," in ji ta. "Ni in ciyar da mutum, in ga ya tashi da ƙyar."

Amma masu kawo aiki abin da suke so ke nan, dole ta koya, kuma da ta koya sai ta fi masu yayin iyawa. Shi kuwa Baba Cokali kamar dama jira yake. Duniyarsa ta buɗe. Ya shiga tara cokula iri-iri, na ƙarfe, na tangaran, na katako, na gora, na roba mai haske kamar gilashi, da 'yan cokula masu yatsu biyu, da tsinkaye masu ɗan ƙulli a kai. In ka kuskura ka tambaye shi bambancinsu, to ka nemi kujera.

A yi masa adalci, ya san abin da yake faɗa, aƙalla rabinsa. Cokalin loma ɗaya dole ya zauna a kan tire da gindinsa, kada mai zagayawa ya yi taku biyu ya kife. Dole a iya ɗaukarsa da yatsu biyu, don ɗaya hannun yana riƙe da kofi. Kada ya yi faɗi har ya goge wa mace jan baki, kada ya yi zurfi har mai gashin baki ya fito da miya a fuska, kuma a wannan fannin shi kansa ne ma'auni. Na katako yana shanye miya in ta daɗe a kai. Na roba yana lanƙwasa in abinci da zafi. Kifi mai laushi ba ya son tsinke, zamewa yake ya faɗi a kan rigar mutane. Wannan duk gaskiya ne. Ɗaya rabin kuma shaci-faɗi ne tsagwaronsa, irin su wai cokalin gora yana kwantar wa yaji hankali, kuma yana faɗarsa da fuskar da ba ka isa ka musa ba.

Mama tana da doka ɗaya tun suna girki a tsakar gida: ba mai sa cokali a tukunyarta. Doguwa, mataimakiyarta, ta shekara da shekaru a gefenta, tana yanka, tana soyawa, tana juyawa in an ce ta juya, amma ɗanɗanawa sai dai ta ga ana yi. Harshen Mama ne jarin gidan, kuma ba ta raba shi da kowa. Sai a ɗiba da ludayi, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta kalli rufin kwano na ɗan lokaci, ta ce a miƙo mata lemun tsami.

To, wannan harshen ne ya tafi. Wani zazzaɓi mai mura ya kwantar da ita a 'yan shekarun baya, ta warke, ta koma aiki, amma ɗanɗano da jin ƙamshi ba su biyo ta ba. Da farko ta ɗauka murar ce ba ta gama sakinta ba. Wata safiya Baba Cokali ya shiga sito ya tarar da ita zaune a kan kwalin kofuna, da ɓarin lemun tsami a hannu ɗaya, ɗanyar citta a ɗaya. Ta ciji wannan, ta ciji wancan, fuskarta ko motsi.

"Kamar takarda nake taunawa," ta ce. "Baban Auta, ba na jin komai."

Bai taɓa ganin tsoro a idonta ba sai ranar. Ta je asibiti a ɓoye, aka ce mata wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a. Bai dawo ba. Abin da take gudu a fili yake. A wannan sana'ar, in aka ji kuku ba ta jin ɗanɗano, kafin azahar labari ya zaga gari, kafin la'asar an soke aiki. Abin da ya fi wannan ci mata rai kuma shi ne 'ya'yanta su ji, su kawo mata kujera mai laushi su ce ta huta haka nan. Mace ce da in ka raba ta da bakin murhu ka gama da ita.

Daga ranar Baba Cokali ya ƙirƙiro gwajin cokali. Ya sanar wa ma'aikata, da muryar mai wa'azi, cewa daga yau ba abincin da zai fita sai ya gwada shi a kan cokalin da za a kai shi da shi, don ya gano cewa kowane cokali da yadda yake sauya abinci. Mama ta yi kicin-kicin, ta ce wannan wane irin iyayi ne, sannan ta yarda da ƙyar, yadda suka shirya. Sai ya zo bakin tukunya da cokula cike da aljihun gaba, ta ɗiba masa, ya kai baki, ya lumshe ido, ya girgiza kai. Ya sake da wani cokalin. Can sai ya ce, "Mama, zo sito ki ga wani abu." Su shiga su turo ƙofa.

Abin da Doguwa da direba suke ji daga waje shi ne rigima.

"Na ce miki na tangaran ne ya dace da kifin nan!"

"Na ƙarfe za a sa, ko ka so ko ka ƙi!"

A tsakanin ihu da ihu kuma, da muryar da ko kofunan da ke kan kanta ba sa ji, sai ya ce, "Ƙara gishiri kaɗan, ranki ya daɗe. Lemun ya ɗan yi gaba. Kazar kada ki taɓa ta, ta yi." Ta fito tana tsaki, ta wuce bakin tukunya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa kamar da, ta kalli rufin kwano, ta ce a miƙo mata gishiri. Doguwa takan ce ita ba ta taɓa ganin ma'auratan da cokali ke neman raba su ba sai waɗannan.

Haka suka yi ta tafiya, kuma abinci bai taɓa faɗuwa ba, don hannunta bai manta komai ba, gyara kaɗan kawai yake bukata. Shi kuwa, a faɗi gaskiya, daɗin abin yake ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana goge abin da wasu za su ci da shi, ga shi yau babbar kuku tana jiran abin da zai fito daga bakinsa. Yana tausayinta har cikin ransa, amma in ya tunkari tukunya da cokulansa, tafiyarsa ma sauyawa take.

Sai dai miyar taro ba ruwan sha ba ce. Mutum ya wuni yana lasar miya kala-kala, mai gishiri, mai maiƙo, cokali bayan cokali, jiki zai yi magana. Kansa ya fara sarawa, ƙeyarsa ta riƙa yin nauyi. Wata rana jiri ya ɗebe shi a bakin mota ana loda kaya, kuma Auta ce kaɗai ta gani.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, kuma ita kaɗai ta gaji sana'ar. Ta yi karatun harkar otal, ta dawo ta karɓi ɓangaren hulɗa da masu kawo aiki. Kaifin uwarta ne da ita, da bakin ubanta. Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta sa shi a mota sai asibiti. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya ce hawan jini ne, kuma ba na wasa ba. Ga magani, amma gishiri da maiƙo a yi sallama da su.

A hanyar dawowa ya roƙe ta. "Auta, don Allah kada Mamanku ta ji. Kin san ta da sa abu a rai."

"Ba zan faɗa ba, Baba. Amma lashe-lashen nan na bakin tukunya ya ƙare."

"Gwajin cokali ne, ba lashe-lashe ba."

"Ko ma mene ne sunansa."

Ya juya yana kallon titi. Ga shi riƙe da sirrin uwa wanda 'ya ba ta sani ba, ga 'ya riƙe da nasa wanda uwa ba ta sani ba, shi kuma a tsakiya ba inda zai juya. Ya ci gaba da gwajinsa, sai dai yanzu yana faki ne sai Auta ta fita.

Auta ba yarinyar da ake yi wa haka ba ce. Ta lura, ta tafi ta yi tunaninta. In cokula iri-iri ne ke sa ubanta gwaji, to a kashe maganar daga tushe. Ta nemo cokali iri ɗaya da zai yi kowane abinci, ɗan ƙarfe mai sheƙi, mariƙinsa a lanƙwashe yadda zai zauna daram a tire, bakinsa ba zurfi sosai. Ta sa aka kawo kwalaye. Ta tara kowa a kicin ta ce daga yanzu wannan ne cokalin gidan, sauran a ɗaure su a ajiye, ba sauran zaɓe, ba sauran gwaji.

Baba Cokali ya ɗauki ɗaya ya juya shi, yana neman aibu ido rufe. Ya ɗora shi a tire ya girgiza, bai motsa ba. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya ɗauku. Ya kai baki, gashin bakinsa ya fito tsaf. Abin haushi, cokalin ba shi da laifi.

"Ya cika sheƙi," ya ce daga ƙarshe.

"Baba, cokali ne. Sheƙi aikinsa ne."

Ya saci kallon Mama. Tana tsaye tana goge hannu da tawul, tana ta gogewa, alhali hannun a bushe yake.

Ba a jima ba babban aiki ya taso. Wani kamfanin sayar da kayan gini zai yi liyafar buɗe sabon reshe, kuma manajarsu ta ce za ta zo da kanta ta ɗanɗana kafin ta ba da aikin. Irin wannan zuwan shi ne jarrabawar masu girki. Za a jera mata kowane abinci a cokalinsa yadda zai fita ranar taro, in ya yi mata ta ce a yi, in bai yi ba ta ce za ta kira, kuma ba za ta kira ba.

Tun da safe Baba Cokali yake shawagi a bakin kicin kamar kyanwa ta ji ana soya kifi. Duk inda ya bi, Auta na nan. Ya ce zai duba ko gas ya kusa ƙarewa, ta ce ta duba. Ya ce ya manta tabaransa a kan firji, ta nuna masa shi a goshinsa. Ya samu ya kai bakin tukunyar kaza da wani tsohon cokali a hannun riga, sai ya ji an zare shi ta baya.

"Baba," ta ce a hankali, "mun yi magana da kai."

Daga nan ta ba shi babban matsayi, wanda ya fi kowane ɗauri. Ta ce shi ne zai tarbi manaja, ya zauna da ita a ɗakin gaba, tunda ba wanda ya kai shi iya hira. Kafin ya buɗe baki, ga motar baƙuwa ta tsaya.

A cikin kicin kuwa wani abu na faruwa wanda ba wanda ya yi tunaninsa. Mama ta zuba miyar kifi a sabon cokali, sai ta ga tana gangarowa, don bakinsa bai kai na tsofaffin cokulan zurfi ba. Kowace kuku ta san maganin wannan, a bar miya a wuta ta ƙara kauri. Ta bar ta ta tsotse, ta gwada, ta sake barinta, har ta zauna a cokali ɗas, gwanin kyau. Ruwa ya tafi, gishiri kuwa ba inda ya je. Da harshenta na nan, da lasa ɗaya ta gane. Ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta kalli rufin kwano, ta kalli ƙofa ko zai leƙo. Bai leƙo ba. Ta ce a jera.

Manaja mace ce mai fara'a da son labari, ta riƙe Baba Cokali da tambayoyi, shi kuma yana amsawa da rabin hankali, kunnensa na kicin. Auta ta shigo da tire, Mama na biye da ita da sabon ƙyallen girki ɗaure a ƙugu. Cokula sun jeru suna walƙiya, kowanne da 'yar lomarsa. Manaja ta fara da kaza, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki na dankali da kirim, ta ce kai, madalla. Sannan ta ɗauki na kifi.

Baba Cokali ya yi shekaru yana kallon fuskokin masu cin abinci, ya san abin da ya gani. Idonta ya ɗan ƙanƙance, maƙogwaronta ya yi aiki da ƙyar, hannunta ya tafi neman kofin ruwa. Bai san lokacin da ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya kai baki ba. Gishiri ya doke shi har tsakar ka.

Mama tana kallonsa. Ba manaja take kallo ba, shi take kallo, kuma ya ga ta karanta amsar a fuskarsa. Nan take ya yanke shawarar da shi kaɗai a duniya zai iya yankewa.

"Na faɗa!" ya ce, yana ɗaga cokalin sama. "Wallahi na faɗa! Cokalin nan ne. Hajiya, ki yi haƙuri, irin wannan ƙarfen in ya haɗu da kifi, gishiri yake fitarwa. Sabon ƙarfe ne, bai gama zubar da gishirinsa ba. Miyar Mama lafiyarta lau."

Manaja ta dube shi, ta dubi tire. Sai ta ɗauki wani cokali wanda ba komai a kansa, ta goge da tishu, ta sa a baki, ta tsotsa da gaske kamar mai shan alewa.

"Baba," ta ce tana danne dariya, "ni dai kayan gini nake sayarwa, ƙarfe kala-kala ya bi ta hannuna. Ban taɓa cin karo da mai gishiri ba."

Da a nan abin ya tsaya, da an yi dariya an wuce. Amma shi ya riga ya hau, sauka ta gagara. Ya ce ai sai da zafi yake fitarwa. Ya ce shi tun ranar da aka kawo kwalayen ya ce ba su yi ba, ba a saurare shi ba, yaran yanzu in sun yi karatu sai su ɗauka cokali cokali ne. Yana cikin zuba ya juya ya ga Auta. Tana tsaye da tire a hannu, ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta a gaban baƙuwar da ta sha wahala kafin ta shawo kanta. Nan ya katse zancen. Don ya rufa wa uwa asiri, ga shi ya tsaya yana yanka 'yarsa a gaban mutane, kuma a kan laifin da ba ta yi ba. Kunyar kansa ta kama shi.

"Ya isa, Baban Auta," in ji Mama.

Ta matso ta karɓi tiren daga hannun Auta. "Hajiya, cokali ba shi da laifi, yarinyar nan ta iya zaɓe. Miyar ce ta yi gishiri, kuma ni na dafa ta. In za ki ba ni ɗan lokaci, zan kawo miki wata."

Manaja ta ce ba komai, dama kazar ta riga ta saye ta, a dai ƙaro mata ruwa.

Suka koma kicin su uku. Doguwa ta ga fuskokinsu ta fara neman hanyar fita, Mama ta ce ta tsaya, ita ma ta ji. Ta ajiye tiren, ta dafa teburin yanka da hannu biyu, ta faɗa musu kai tsaye, ba kwana-kwana. Tun zazzaɓin nan ba ta jin ɗanɗano, ba ta jin ƙamshi. Duk abincin da ya fita daga gidan nan tun lokacin, bakin mutumin nan ne ya duba shi. Gwajin cokali ƙarya ce suka shirya su biyu.

Doguwa ta dafe ƙirji. "To duk rigimar nan ta sito fa?"

"Ita ma."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, idonta ya kawo ruwa, kuma da ta buɗe baki faɗa ne ya fito.

"Shi ya sa! Shi ya sa ka ƙi dainawa! Mama, likita ya hana shi gishiri. Hawan jini gare shi, har jiri ya taɓa kayar da shi a bakin mota. Ya ce kada in faɗa miki. Ni na kawo cokulan nan ne don in raba shi da tukunya, ban san ke nake cire wa..."

Mama ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Baba Cokali ya gyara tsayuwa, ya shafa gashin baki, ya ce likitocin nan sun cika zuzuta abu, ɗan lasa ne kawai, lasa kuma ba ci ba ne. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ba ta taɓa yi masa a gaban ma'aikata ba.

Sannan ta koma aiki, don baƙuwa na jira. Ta sauke miyar, ta ɗebi rabi ta zuba a wata tukunya, ta ƙara romon kifi marar gishiri, ta sa ɗan kirim don kauri, ta matsa lemun tsami. Hannunta na tafiya da sauri yadda ya saba. Da ta gama ta ɗauki ɗaya daga cikin sababbin cokulan ta ɗiba. Baba Cokali ya matso, ya miƙa hannu, har ya fara lumshe ido.

Cokalin ya wuce ta gabansa ya tsaya a gaban Auta.

"Ɗanɗana," in ji Mama.

Auta ta ja da baya. Tun tana rarrafe ta san ba a sa baki a tukunyar nan. "Mama, ni?"

"Ke. Kuma ki faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Na gaji da raɗa."

Auta ta karɓa, ta kai baki. Ta juya miyar a harshe. "Gishirin ya daidaita. Lemun ne bai fito ba."

"Doguwa, miƙo lemu."

Baba Cokali yana nan tsaye da hannunsa a miƙe, ya rasa inda zai kai shi. Ya ji sanyi a ransa, don nauyin da ya daɗe yana ɗauka ya sauka. Ya kuma ji kishi, kishi sosai, na 'yar cikinsa, har ya ba shi mamaki. Wannan ne aiki mafi girma da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa, kuma an sallame shi a tsaye, ko sanarwa babu.

"Ranki ya daɗe," ya ce, a gaban kowa, bai ma lura ba, "ni fa?"

Mama ba ta ɗago daga tukunya ba, amma muryarta ta sauka.

"Kai ka sha gishirin da ya ishe ka saboda ni. Harshe na rasa, na haƙura. Ba zan haɗa da miji ba." Ta share ido da bakin tawul, ta ce hayaƙi ne, alhali da gas take girki. "Je ka kai wa baƙuwa ruwa."

Ya ɗauki jug ɗin ruwa da kofi ya nufi ɗakin gaba, yana tafiya a hankali don kada ruwan ya zube.